Ragar kaji a tagogina

Da damina ta kama, na rantse sauron unguwar Zariya ya gama shan jinina. Na sayo raga mai manyan idanu don iska ta riƙa shigowa. Kafinta ya ce, "Alhaji, wannan fa ta akurkin kaji ce." Na ce aikinsa bugawa, ba shawara ba. Har sangen da muke kwana ciki na kyautar.

Surukata ta zo daga Tsibiri, na sauke ta ina taƙama. Da safe na durƙusa gaishe ta, fuskarta duk ta kumbura. Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Ko kaza ɗaya ba ta shigo ba."

Na gaji wallahi. Har yau ko a ƙofar masallaci sai an ce, "Alhaji, ya tsaron kaji?"