Dokar Hana Tsalle

Wani abokina da ya daɗe yana buga wa jiharsu ƙwallon hannu ne ya ba ni wannan labari, kuma har yau in ya tuna sai ransa ya ɓaci kafin dariya ta zo. Wata shekara aka naɗa musu sabon ciyaman, Alhaji Ɗanlami, mutumin da tun da yake bai taɓa riƙe ƙwallo ba sai ranar da za a ɗauke shi hoto. Ya tarar da rabin 'yan wasan suna ɗingishi, wannan gwiwa, wancan targaɗe a idon sawu. Ba abin mamaki ba ne, filin atisayen siminti ne da ya tsattsage kamar kaushi, kambas ɗinsu kuma duk sun cinye. Ciyaman ya sa likitan ƙungiya ya rubuto masa rahoto. Shafi goma sha biyu likita ya rubuta, Alhaji ya karanta layin farko kawai, inda aka ce yawancin raunukan wajen dirowa daga tsalle ake samunsu. Washegari sai ga takarda da hatimi manne a ƙofar fili: an hana tsalle, kuma duk wanda ƙafarsa ta bar ƙasa a bakin aikinsa.

Koci Tanimu ya same shi a ofis, ya ce, "Ranka ya daɗe, wasan nan ai da tsalle ake yin sa. Mai jefawa ya tashi sama, mai tarewa ya tashi sama. Abin da yaran nan suke buƙata shi ne a gyara fili, a canza takalma, a riƙa ɗumama jiki sosai kafin a fara."

Alhaji ya ce, "Koci, kai ka fi likita sani ne? Wanda bai tashi ba ta ina zai diro?"

Haka suka tafi wasan ƙarshe na shekara, wanda in suka sha kashi za su faɗa ƙaramin rukuni. Abokan karawa suka yi ta shawagi a sama, su kuwa 'yan bayan ƙungiyar Alhaji suna tsaye ƙyam da hannuwa a ɗage kamar masu shanya. Duk ƙwallon da aka jefo, ba mai tare ta sai gola, wani bawan Allah mai suna Lurwanu. Wadda ba ta shiga raga ba, a fuskarsa ta sauka. Aka tashi abokan karawa na da talatin da takwas, su kuwa biyar.

Ciyaman ya sauko daga rumfar manyan baƙi yana fara'a, yana bin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya yana latsa musu gwiwa. Kowa lafiya lau. Ya juya ya ce, "Koci, ka gani ko? Yau ko mutum ɗaya ba a ɗauka a kan gado ba."

Sai idonsa ya faɗa kan Lurwanu a zaune a ƙasa, leɓe ya fashe, ido ɗaya ya rufe ruf. Nan take fara'ar ta gushe.

"Kai kuma fa? Kai ne za ka ɓata mini suna? Faɗa mini gaskiya kafin in sallame ka, tsalle ka yi ko?"

Lurwanu ya cire ƙanƙarar da ya dafe bakinsa da ita, ya ce, "Wallahi ban yi ba, ranka ya daɗe. Su waɗancan ne takardar ba ta isa ofishinsu ba."