Ranar da Na Dafa Kalangun Mahauta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na dafa kalangun mahauta ba, ko da yake na gwada mantawar. Ni ba mai dogon zance ba ne. Amma labarin nan idan ban ba da shi da bakina ba, wasu za su ci gaba da ba da shi da ƙari.

Sana'ata rakiyar shanu. A kara, kasuwar shanun Mai'aduwa, ake loda su a tirela, ni kuma in hau saman katako in zauna a kansu har Kudu. Wanda ya faɗi in tashe shi, wanda ya galabaita in san yadda zan yi da shi. A wannan hanya na tsufa. Mota ta taɓa kifewa da mu, na fita da raina amma kunnen hagu ya mutu. 'Yan fashi sun taɓa kwantar da mu a kan kwalta. Duk wannan bai sa na sunkuyar da kai gaban kowa ba. Boko ban yi ba, allo ma ban yi nisa ba, amma sa kam, bijimi, na san shi.

Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba, hawan ƙaho. Lokacin da mutane ke biki, lokacin ne dabba ke tsada a Kudu, ni kuwa ina saman tirela. Labari kawai nake ji, wai mutum ya faɗa tsakanin ƙahonnin sa da ƙirjinsa, san ya yi ta wujijjiga shi, kuma ya sauka lafiya. Na ga abin da ƙaho ke yi wa cikin mutum. Saboda haka abin ya daɗe yana cin raina: yaya suke yi?

Sai Allah ya sa 'yata Dije ta auri ɗan Sarkin Fawan wani gari da ke gaba da garin Babban Mutum. (Ba zan faɗi sunan garin ba. Su sun san kansu.) Duk shekara bayan an gama kaka mahautan garin suna yin wasansu, kuma a shekarar farko ta auren Sarkin Fawa ya aiko a gayyace ni. Dije ma ta aiko da nata saƙon ta bakin ƙanwata. Ta ce gidan babba ne, mata da yawa, kuma har yanzu kallon baƙuwa suke mata, suna tambayarta wai ubanta a kan shanu yake kwana. Ta roƙi abu biyu: in zo da shiga ta mutunci, kuma don Allah kada in yi musu da kowa.

Na ciro babbar rigar da na ɗinka don ɗaurin aurenta, ita kaɗai gare ni. Na shiga mota daga Daura zuwa Baure, daga nan na hau acaɓa.

Gaskiya garin ya cancanci a je. Tun daga nesa hayaƙin tsire ke tarbar mutum. Ga mutanen Nijar sun tsallako a amalanke da babura, ga masu rake, ga masu alewa, ga 'yammata da lalle har gwiwar hannu. Har wani Ibo mai sayar da kayan babur a Daura na gani, ya rufe shago ya zo, yana ta ɗaga waya sama. Kowace rumfar fawa an rataye nama kamar ba za a sake yanka ba.

A zaure aka sauke ni, aka kawo tuwo da naman kai. Ban kai rabin kwano ba na karya roƙon Dije na biyu. Na tambayi Sarkin Fawa ko abin nasu dabara ce ko asiri. Ya yi murmushi ya ce gado ne. Na ce gado ba amsa ba ce. Na ƙara da cewa ni ban yarda da asiri ba, ƙaho ba ya jin laya, duk mai ɗaura laya don sa ya ɓata kuɗinsa. Dattawan da ke wurin suka kalli juna. Sarki dai ya ce in ci abinci, bayan la'asar zan gani da idona.

Aka yi la'asar muka fita fili. Mutane sun yi zobe, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. Aka ba ni kujera kusa da Sarki. Sai dai an zaunar da shi ta hagun da ba na ji, makaɗa kuma ta daman da nake ji.

Aka shigo da san farko, igiya ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya, ƙarti na riƙe da kowace. Kalangu ya ɗauka. Wani saurayi ya fito yana tsuma, ya yi ta zagaya san yana tsokanarsa. Da san ya sunkuyar da kai zai kawo suka, sai kawai yaron ya faɗa tsakanin ƙahonnin, ya rungume wuya. Sa ya ɗaga shi sama, ya girgiza, ya sake girgizawa. Yaro na nan maƙale. Ni da na yi zaton babu abin da sa zai nuna mini, sai ga ni tsaye ban san na tashi ba.

Kuma na lura da wani abu. Kafin ya faɗa, ba san ya kalla ba, mai riƙe da igiyar ƙafa ya kalla. Na juya na tambayi Sarki ko wannan ne sirrin. Bakinsa ya motsa, ban ji ba. Na sake tambaya, ya sake amsawa, kalangu ya cinye maganar. Raina ya ɓaci. Amsar da na shekara da shekaru ina nema tana fitowa daga bakin mai ita, kiɗa ya hana ni ji.

Sai na yi abin da nake yi wa direba idan ina so ya kashe inji. Na taka zuwa wurin babban makaɗin, na dafa fatar kalangunsa da tafin hannuna.

Kiɗa ya tsaya. Sauran makaɗan ma suka tsaya. Na juyo zan ce wa Sarki to yanzu maimaita, sai na ga fuskarsa ta canja. Daga ɓangaren mata wata ta rangaɗa guɗa.

Makaɗin ya dube ni ya ce, "Ɗan wa za mu kira? Jikan wa?"

Ashe a filinsu ba mai tsayar da kalangu sai wanda ya ɗauki nauyin hawan san da ke tafe. Wanda ke tafe kuwa shi ne babban na ranar, wani jan sa da aka sayo daga Nijar, ƙahonninsa kamar hannuwan mai addu'a. Samarin mahauta ma tun safe suke tura wa juna shi.

Sarkin Fawa mutumin kirki ne. Ya taso ya zagayo ta kunnena mai ji, ya ce a hankali, "Malam, koma ka zauna. Zan gaya musu baƙo ne, bai sani ba."

Na so in koma. Amma na ɗaga kai na hango Dije a cikin matan gidansu, ta ja hijabi ta rufe baki. Idan na zauna, ni gobe ina Daura. Ita kuwa a gidan mahauta za ta tsufa, a matsayin 'yar mutumin da ya tsayar da kalangu ya koma kujera. Na ce wa Sarki a kawo san.

Sai aka ce saura kirari. Kowa na jira. Na ga yadda saurayin nan ya yi nasa, ya ambaci kakanni har da wuƙaƙensu. Ni na buɗe baki, na laluba, abin da ya fito shi ne, "Daga Daura nake."

Aka jira ƙari. Babu. (Makaɗin, Allah ya saka masa, wannan ɗin ya yi ta juyawa a kalangu kamar wani abin kirki na faɗa.)

Na naɗe hannuwan riga a kafaɗa na nufi san. Yana tono ƙasa yana huci. Na yi kalmar shahada. Ya sunkuyar da kai ya taho, masu igiya suna biye da shi a guje. Saura kaɗan ya iso sai ya ja birki. Hancinsa ya hau motsi.

Kanwa ce. Duk mai rakiyar shanu yana yawo da guntun kanwa a aljihu saboda dabbar da ta galabaita. Da zan fito gida na kwashe abin da ke tsohuwar rigata na zuba a sabuwa, ban ko duba ba. San kuwa an tsare shi ana ta horar da shi da yunwa don ya yi zafi.

Sa ya tura bakinsa cikin aljihun gaban rigata har ido. Ƙahonsa ɗaya ya shige cikin naɗin da na yi a kafaɗa. Da ya ɗaga kai yana tauna, riga ta bi ƙaho, ni ma na bi riga, na koma tsaye a kan yatsun ƙafa. Sai ya kama tafiya. Ba gudu ba, tafiya ta mai nishaɗi. Ya zagaya fili da ni ina ɗingishi a gefensa kamar akuyar da za a kai kasuwa. Masu igiya dariya ta kayar da su, suka saki. Na yi masa duk kiran da na sani, bai kula ni ba.

Da na ga zai sake wani zagayen, na sunkuya na zame daga cikin rigar. 'Yar cikin ma ta bi ta, ta yage har ƙasa. Na miƙe a tsakiyar fili daga ni sai wando.

To a nan ne abin ya kai ƙarshe. A damtsena akwai kambu, a ƙuguna akwai guru, a wuyana layu sun yi jere. Ɗaya mahaifiyata ce ta ba ni, sauran na tara su bayan kifewar mota. Dattawan da na yi wa wa'azi a zaure duk suna sahun gaba. Sarkin Fawa ya zo ya yafa mini rawaninsa, bai yi dariya ba, ya dai duba damtsen nawa ya ce, "Malam, wannan ma ai gado ne."

San kuwa ya samu wuri ya kwanta, rigata a ƙahonsa, yana tuƙa. An yi kiɗa, an ja wutsiya, an watsa masa ƙasa, ya ƙi tashi. Mutanen da suka tsallako iyaka don su ga an hau shi, haka suka koma.

Na zauna a zaure cikin jallabiyar aro ina jiran a samo mini mai babur. Sai ga Dije da kwano. Ta durƙusa ta ajiye, ba ta ɗago ba. Na ce mata na ɓata mata zama.

Kafaɗunta suka hau rawa. Na zaci kuka take, ashe dariya ce. Da ƙyar ta ce, "Baba, kunya kam na ji ta. Amma uwar mijina ta tara matan gidan a tsakar gida ta ce, duk wadda ubanta ya taɓa tsayawa gaban jan san nan ta ɗaga hannu." Ta share ido da bakin hijabi. "Ba wadda ta ɗaga."

Yanzu a gidan 'Yar Mai Kanwa suke kiranta, kuma tana amsawa. Ni ma na bar hanya, ƙafa ta gaji, duk shekara ina zuwa wasan. Wanda bai taɓa gani ba ya daure ya je, ya fi kuɗin motarsa. Shawarata dai guda ce: in ka shiga filin da ba naku ba, kome son saninka, zuba hannuwanka a aljihu ka yi kallo. Amma ka fara zazzage aljihun tukuna.