Ranar da Sarkin Asali Ya Rufe Fuska

Duk faɗin gaɓar Cap-Breton a ƙasar Kanada, cikinmu 'yan Akadiya, jikokin Faransawan farko da suka zauna a nan, babu ɗan Akadiya kamar Évariste Larade. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma mutum ne da ba ya magana sai ya bincika. Shekara talatin da ɗaya ya yi a Ottawa yana buga hatimi a wani ofishin gwamnati, kullum yana fama da kewar ƙauyenmu, har kewar ta hana shi zuwa. Da ya yi ritaya ya dawo da akwati bakwai, da takalmi mai ƙyalli, da 'yar tuta mai tauraro maƙale a ƙirji. Ya gina gida a kan tudu, inda zai riƙa hango al'ummarsa ba tare da ƙarnin kifinta ya dame shi ba. Masunta suka laƙaba masa Sarkin Asali. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe jama'a na da ido.

Bai yi wata guda ba ya gano muna dab da ɓacewa. Mu dai muna ta kamun ƙaguwa, muna Faransancinmu yadda kakanni suka bar mana, ba mu da labari. Ya kafa Kwamitin Tsare Asali, ya zama shugaba, ya zama sakatare, kuma ba a taɓa jin saɓani tsakanin su biyun ba. Duk Lahadi bayan coci yakan tsaya a kan matakala ya yi jawabi kan yadda sojan Ingila suka kwashe kakanninmu a jiragen ruwa a 1755. Kafin ya kai rabi, sai a bar shi da tsuntsayen teku.

Mahaifiyarsa, Kaka Sédulie, shekararta tamanin da tara, tana tsohon gidansu na bakin kwatar jiragen ruwa. Évariste na girmama ta matuƙa. Ba ya jawabi bai ambace ta ba, kuma tun da ya dawo yakan ziyarce ta duk ranar sabuwar shekara, ba fashi. Sauran kwanakin kuwa, ƙananan abubuwa irin su kai mata miya da yanke mata farce, maƙwabciyarta Effie ce ke yi. Effie daga ƙauyen masu jin Ingilishi na bayan dutse aka auro ta, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Har yau Faransancinta ɗingishi yake yi.

Sai ga tsakiyar azumin da ke gaban Ista, lokacin Mi-Carême. A makon ne mutane ke sa fuskokin kwali, su rufe jiki har yatsu, su sauya murya da tafiya, su bi gida-gida. Masu gida su yi ta canka. Wanda aka gane ya cire fuska a ba shi alewa, wanda ba a gane ba ya fita yadda ya shigo.

Évariste ya ga haɗari. Ya tare Effie a ƙofar kanti, takarda a hannu.

"Madam Deveau, kwamiti ya zauna. Bana ba mai sa fuska sai wanda kakansa ya hau jirgin kora. Al'ada ba rigar aro ba ce. Ɗan asali, ko a buhu aka ɗaure shi, jinin mutanensa zai kira sunansa. Ni nan, kafin in taka dokin ƙofa an gane ni."

Effie ta karɓi takardar, ta naɗe kan kifin da ta sayo. "To, Sarki. A gaida sakatare."

Ranar Alhamis da la'asar ya fito don ya nuna wa duniya. Ya sa fuska, amma don tausayin jama'a bai wahalar da su ba: takalminsa ne, tutarsa ce, tafiyarsa ce ta mai zuwa buɗe taro.

A gidan farko an cika kicin, goge na tashi. Su biyar suka shiga, har da shi. Nan take aka gane huɗu: wannan da gwiwarsa, wancan da yadda yake jan hanci. Aka zo kan Évariste, aka yi ta leƙensa.

"Ɗan yawon buɗe ido ne daga Québec," in ji maigida.

"Haba, a wannan sanyin? Mai tallan inshora ne, dubi takalmin!"

Ya yi gyaran murya, ya fara da muryarsa sak: "A shekarar 1755..."

"Kai, ya iya sauya murya!" in ji wata tsohuwa. "Wallahi ban taɓa jin ta ba."

Gaskiyarta. Ba ta taɓa tsayawa ba.

A gida na biyu aka ce sabon likitan haƙori ne. A na uku wata ta rantse mijin ƙanwarta ne da ya rasu bara. Gumi ya jiƙa masa kwalin, amma ya ƙarfafa kansa. Waɗannan ai jininsu ya gauraya. Akwai gida guda da ba za a yi kuskure ba.

Kaka Sédulie na kan kujerarta mai lilo, bargo a cinya. Shekara saba'in ba a taɓa wuce ta ba, takan gane mutum daga zuriyarsa. Ayari ya shigo, Évariste a tsakiya.

"Kai mai fuskar doki, jikan Placide ne, duk gidanku haka kuke jefa ƙafar hagu. Cire! Ke mai gemu, 'yar Exilda, kafaɗar uwarki ce."

Can baya akwai wata halitta cikin rigar masunta, an cusa mata matashin kai a ciki da baya, tana tafiya kamar agwagwa. Tsohuwa ta kwashe da dariya har da tari.

"Effie, 'yar nan, wa za ki ruɗa? Shigowa kika yi idonki na kan murhu, ki ga ko wutata ta mutu. Cire ki zo nan, ja'ira!"

Effie ta cire, ɗaki ya kaure da shewa. Saura mutum ɗaya.

Évariste ya matso gaban kujera. Ya turo ƙirji don tutar ta fito. Ya miƙo takalmi ɗaya gaba. Daga ƙarshe ya sunkuya, ya ce a hankali, ba da muryar jawabi ba: "Mama."

Tsohuwa ta gyara tabarau. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta sake dubawa daga ƙasa har sama. Mai goge ya sauke gogensa.

"Tsayin dai na gidanmu ne," in ji ta. "Kunnen ma na marigayi mijina ne. Da sai in ce ɗana ne, Évariste." Ta juya ta kalli kalandar da ke bango. "To amma yau ba sabuwar shekara ba ce."

Ta koma ta jingina. "Na kasa. Effie, ba baƙon nan alewa duk da haka, da alama daga nesa yake."

Effie ta sa masa a tafin hannu, ta ce cikin Faransancinta mai ɗingishi, "Sannu da zuwa garinmu."

A ka'ida, wanda ba a gane ba ba ya cire fuska, kuma Sarkin Asali mutum ne mai bin ka'ida. Haka ya haura tudu cikin dusar ƙanƙara, alewa a hannu, fuskar kwalin kuwa ba a huda mata baki ba, balle ya sha.