Ranar Zaɓen da Na Gasa Wake

"Ni Neville Prowse, in na ce mutanen garin nan wake za su ci, to wake za su ci, su lashe yatsu, su dawo neman ƙari!"

Da bakina na faɗi wannan, har da dukan tebur, a taron kwamitin iyayen yara na makarantar unguwarmu. Gyara zama, mutumina, ka ji aikin da na yi wa kaina.

Mu nan Dubbo, ranar zaɓe ba ta cika sai da sosej. Ka shiga makaranta ka jefa ƙuri'a, ka fito ka sayi sosejin naman sa a yankan burodi da soyayyar albasa. Shekara goma sha ɗaya ni ke riƙe da awartakin juya nama a bakin ƙofar nan. Ba albashi, ba ko sisi, amma mai awartaki sai an gaishe shi kafin a gaida 'yan takara. Maƙwabcina Kostas kuwa, shekara goma sha ɗayan nan yana bayana yana yankan albasa yana hawaye, rabi na albasa, rabi na hassada.

To sai likita ya duba jinina ya ce maiƙo ya yi yawa, in rabu da sosej. Matata Raelene ta koya mini naɗin tortiya, gurasar nan siririya mai laushi: ka zuba wake da tattasai da masara da alayyafo da ɗan cuku, ka naɗe, ka danna a injin gashi mai murfi. Minti huɗu ka ci. Kwana goma da farawa na zama mai wa'azi. Ko a layin gidan mai na tsaya, sai na ba wani labarin hanjinsa.

Shugabar kwamiti, Malama Sina Faleolo, ta sauke tabarau ta dube ni.

"Nev, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ranar zaɓe fa."

"Minti huɗu, ranki ya daɗe! Ga sauri, ga lafiya. Ku soke sosej gaba ɗaya."

"To ka ji sharaɗi. In layi ya watse, za mu kaɗa ƙuri'a a kan awartakin nan. In ka faɗi, Kostas ya karɓa, kai ka koma albasa."

Kostas ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa albishir. Na ce masa, "Sarkin hawaye, ka ci gaba da wasa wuƙarka."

A mota Raelene ta ce, "Bari in zo in taya ka haɗawa."

"Haba uwargida, naɗa gurasa har sai an taya ni? Ke dai zo ki sha kallo."

"Kallo kam zan sha," in ji ta.

Ranar zaɓe, Asabar, ƙarfe takwas na kunna gas a ƙarƙashin babban farantin ƙarfe, na buɗe gwangwanayen wake na juye a roba yadda suke, da ruwansu da komai. Ina zan sani ana tsane wa? A gida Raelene ce ke wanke waken ta tsane, ta farfasa rabi don ya kama jikinsa, ta soya kayan lambun sama-sama, ta ɗumama gurasar. Ni aikina danna murfi ne kawai. Ashe minti huɗuna yana zaune ne a kan minti ashirin ɗinta, ni kuwa ina ta yawo da sunan gwani.

Na farko a layi wani tsoho ne da hular kaboyi.

"Ɗaya da albasa, ɗan'uwa."

"Yau ba sosej, Baba. Yau ranar lafiya ce."

Ya leƙa robar wake, ya dube ni. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, kuma ba wanda zai mutu, shi ya sa ma."

Na ɗauko gurasa da sanyinta daga akwatin ƙanƙara, na zabga mata cokali huɗu don a san ni ba marowaci ba ne. Ina naɗewa ta tsage a tsakiya. Na sa ta biyu na rufe ta farko. Na ɗora a wuta, ruwan wake ya tsiyayo ya ce cuuu, tururi ya rufe mini tabarau. Kafin in goge, gindin naɗin ya buɗe.

Farantin nan a karkace aka ƙera shi, don maiƙo ya gangara wani rami a kusurwa. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa damuwa da karkatar ba, don sosej ba ya tafiya. Wake kuwa tafiya yake. Ɗaya bayan ɗaya suka bi layi suna faɗawa ramin, masara na binsu a baya. Tsohon ya tsaya yana kallo.

"Su ma zaɓen za su?" ya ce.

Kostas ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Wai albasa ce.

Na ce abin da ya rage murfi ne, in ba murfi ba dannawa. Na ɗauko tukunyar ƙarfe na danne naɗi na gaba da dukan ƙarfina. Wayyo! Cuku da wake suka yi tsartuwa ta gefe, suka sauka a rigar wata mata mai raba takardun jam'iyya. Mai raba na ɗaya jam'iyyar ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni kuwa garin ɗaga tukunyar na dafa farantin da hannun hagu. Ƙarar da na yi, har jami'in zaɓe sai da ya leƙo.

Ƙarfe goma na gasa guda shida, biyu daga ciki ana iya ɗauka da hannu. Sannan waya ta gama da ni. Ka san mutanenmu, kafin su fita sai sun duba taswira a waya su ga wace rumfa ke da sosej, tunda ko'ina a mazaɓa kana iya jefa ƙuri'arka. Wani marar tausayi ya rubuta a kan tamu: "Ba sosej. Wani mutum na kokawa da wake." Ina ji ina gani layi ya juya, ya tsallaka titi zuwa wata rumfar zaɓe a zauren taro na can gaba. Har masu raba takardu suka naɗe tutocinsu suka bi. Raina ya ɓaci, kunya ta kama ni, ga yunwa, don ko karyawa ban yi ba.

Malama Sina ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu. "Kostas, akwai dabara?"

"Ai ranki ya daɗe, na ce wa mahauci kada ya soke. Sosej na cikin motata."

Munafuki! Amma wallahi yana ɗora su a wuta, ƙamshin nan na tashi, mutane suka fara dawowa kamar an buga ƙararrawa. Ni aka zaunar da ni a gefe, hannun hagu cikin bokitin ƙanƙara.

Ƙarfe uku cikina ya fara kiran sunana. Na duba, Raelene ta ba ni baya. Na miƙa hannun dama na zare sosej ɗaya a burodi, na matsa masa jar miyar tumatir. Ina kai shi baki sai ga kwamiti gaba ɗaya sun nufo ni, Raelene ta juyo ta shige gaba. Wuf na ɓoye hannun a bayana.

"To, alkawari ya zo," in ji Malama Sina. "Masu son Kostas ya karɓi awartaki?"

Hannu bakwai suka tashi. Na Raelene ya riga na kowa.

"Masu son Neville ya ci gaba?"

Ba hannun da ya tashi. Hannun hagu na cikin ƙanƙara, ko motsi ba ya yi. Na dama na riƙe da abin da na yi kwana goma ina zagi a gari. In na ɗaga, asiri ya tonu gaban matata. In na bari, ko ƙuri'ar kaina ban samu ba. Na dubi awartakin shekara goma sha ɗaya, na ji ɗumin burodi a tafina, na ƙara matse hannuna a baya.

"Bakwai da babu," in ji Malama Sina. "Ko kai, Nev?"

"Na ƙaurace ne, saboda mutunci."

Raelene ta matso, ta leƙa bayana, ta ce da ƙarfi yadda har na ƙarshen layi ya ji:

"Maigida, cinye mutuncin naka kafin ya huce. Miyarsa na ɗiga a wandonka."