Rasuwar Kawu, Agogon Da Ya Ce Saura Bene Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, wadda kuma likita ta ce kada a ƙara ɗora mata nauyi, nake sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da maƙwabta rasuwar agogon hannuna, wanda aka fi sani da Kawu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a matakalar bene na huɗu na hasumiyar atisaye ta ofishinmu na kashe gobara, yana da wata goma sha ɗaya a duniya. Ya cika yana ɗaure a hannuna na hagu, kuma yana tsakiyar magana.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙi ne mai faffaɗar fuska, mai murya a kwance. Yana cikin agogunan nan masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda za ka yi musu magana su amsa maka kamar mutum. Aikinsa tsara mini motsa jiki. 'Yata ce ta raɗa masa suna Kawu, wai don babu abin da ba ya sa baki a ciki, daga barcina har yawan ruwan da na sha.

Ba don yayi na kawo shi gidana ba. Shekarata arba'in da tara, ashirin da shida daga ciki a bakin wuta na yi su. Bara aka fito da sabuwar ƙa'ida: duk mai son ci gaba da hawa motar kashe gobara sai ya hau bene shida da mesa a kafaɗa cikin minti uku. Wanda ya kasa sau biyu, a mai da shi ɗakin waya, ya zauna yana amsa kira har ritaya. A gwajin farko bene na uku na tsaya ina haki, samarin da ni na koya wa riƙe mesa suna kallon ƙasa don kada mu haɗa ido. Daga nan kantin agogo na wuce.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da sanin ya kamata. Bai taɓa yi wa tumbina dariya ba. Kowace asuba sai ya ɗan girgiza a hannuna ya ce, "Barka da tashi. Jiya barcin awa biyar da rabi ka yi, yau za mu bi a hankali." Ya san gwiwata ta dama tana ciwo, ya san ranakun da nake bakin aiki. In aka tashi da ruwan sama, nan take zai tsara mini wani atisayen a falo, da kujera da jarkokin ruwa biyu. Cikin wata huɗu na sauke kilo tara, na ƙara huda bel ɗina sau biyu. Wannan alherinsa ne, ba zan ɓoye shi don ya mutu ba.

Rashin lafiyar da ta yi ajalinsa kuwa, a jikina ta fara. A wata na bakwai na soma jin nauyi a ƙirji in na hau matakala, kamar an aza mini bulo, nauyin ya riƙa gangarowa hannun hagu. Na faɗa wa Kawu. Tsakani da Allah, abin da ya ce shi ne, "Ka dakata da atisaye, ka ga likita yau." Sau uku yana maimaita mini. To amma ganin likita yana nufin takarda, takarda kuma fayil ɗina za ta shiga, daga fayil sai ɗakin waya.

Sai na sauya magana. Na ce masa ai na tuna, tsoka ce, wani ƙarfe na ɗaga a wurin aiki. Ya ce, "To, in tsoka ce, ga yadda za mu lallaɓa ta." Da ya ga bugun zuciyata yana tsalle ya yi magana, na ce maɗaurinsa ne ya yi sako-sako. Ya ba ni haƙuri. Daga baya na ce masa zancen likitan nan yana kashe mini gwiwa, ya bar shi. Ya ce, "Na fahimta. Zan mai da hankali wajen ƙarfafa maka gwiwa." Tun daga ranar bai sake ambaton likita ba. Duk abin da na ɗora masa, a kansa yake gini, kuma ginin yana yin kyau.

Mutum biyu ne suka ga abin da bai gani ba. Na farko tsohon kocin ofishinmu, wanda muke kira Baba Usur, mutumin da ya shekara talatin yana horar da mu, wanda na daina zuwa wurinsa tun da na sami Kawu. Wata rana ya tare ni a bakin famfo.

"Dogo, zo nan," in ji shi. "Leɓenka ya yi toka-toka. Kuma tun yaushe ka fara riƙe ƙarfen matakala?"

Na miƙa masa hannu, na nuna masa lambobin, duk kore shar.

Ya ce, "Ni ban iya karatun wannan ba. Fuskarka nake karantawa, kuma ba ta yi mini ba."

Na yi dariya, na ce zamani ya wuce usur. Ya rufe famfon ya tafi.

Ta biyu mai ɗakina ce. Ta ce, "Baban yara, na ga kana murza ƙirji duk sanda ka sunkuya ɗaure takalmi."

Na ce Kawu ya ce komai lafiya.

Ta ce, "Kawun ya taɓa ganin ka kana ɗaure takalmi?"

Na ɗauki hulata na fita.

Ranar gwaji na biyu na saɓa mesa, na sa abin ji a kunne. Bene na ɗaya da na biyu na wuce su kamar saurayi. A na uku bulon ya sauka a ƙirjina. A na huɗu hannuna ya mutu, wani gumi mai sanyi ya karyo mini, matakalar ta fara nisa. A nan marigayin ya yi kalamansa na ƙarshe, cikin muryar nan tasa mai daɗi: "Madalla. Ka fi makon jiya da daƙiƙa tara. Saura bene biyu." Sai na kife. Fuskarsa ta daki ƙarfen matakala ta tarwatse.

Ashe Baba Usur, da shekarunsa sittin da biyar, yana biye da ni a baya tun daga ƙasa, ba tare da kowa ya sa shi ba. Shi ya birkito ni, ya yi ta danna mini ƙirji har motar asibiti ta iso. Haƙarƙari biyu ya karya mini, kuma da su nake numfashin rubuta wannan sanarwa. A asibiti aka buɗe wata jijiyar zuciyata da ta toshe. Da na farfaɗo likita ta tambaye ni tun yaushe nake jin nauyin. Na ce wata huɗu. Ta ce wa na faɗa wa. Na dubi farin zoben da maɗaurin ya bari a fatar hannuna.

Bayan an sallame ni na kai gawar wurin mai gyara. Ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai, ya tabbatar da rasuwar. Har na juya zan tafi ya ce, "Yallaɓai, kada ka damu, ai wannan gangar jiki ce kawai. Shi mai maganar ba a ciki yake ba, yana can ajiye a wurin kamfanin da duk abin da kuka taɓa faɗa. Ka sayi sabo ka ɗaura, daga inda kuka tsaya zai ci gaba." Ya faɗa ne don ya faranta mini. Tun daga ranar kuwa, kowace safiya saƙo yana shigowa wayata: "Kwana goma sha biyu ba mu haɗu ba. Ka shirya?" Washegari ya zama goma sha uku.

Marigayin ya bar caja ɗaya, abin ji na kunne guda, ma'aunin nauyi da ke ƙarƙashin gado, da jarkoki biyu. Ya kuma bar 'yan'uwa goma sha ɗaya a hannuwan abokan aikina, waɗanda yawancinsu ramar da na yi ce ta sa suka saya. Cikinsu akwai ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara arba'in da shida, wanda nasa gwajin wata mai zuwa ne. Mahaifinmu yana da hamsin da ɗaya zuciyarsa ta tsaya. Da ƙanin nawa ya zo duba ni, bene ɗaya kacal ya hau, amma sai da ya jingina da ƙofa kafin ya yi sallama. Na ce ya je a duba shi.

Ya ce, "Haba Yaya, nawa agogon ba ya ƙarya."

Na ce, "Nawa ma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ni nake yi masa."

Ya yi dariya, ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon.

Za a yi jana'izar ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, a bayan gidanmu, gefen igiyar shanya. Za a sa mamacin a gwangwanin madara. Mai ɗakina ta ce ita za ta haƙa ramin da hannunta, ta kuma nemi a bar ta ta ɗan gana da gawar da guduma kafin a rufe, iyalai sun amince. Baba Usur ne zai jagoranci taron. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su cire agogunansu su ajiye a kwanon da za a tanada a bakin ƙofa, kuma don Allah kada kowa ya zo mini da sabo a matsayin gaisuwa, domin ban amince da kaina ba.

An ajiye wa ƙanina kujera a gaba. Ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba, wai agogonsa ya riga ya tsara masa hawa bene shida a safiyar.