Rasuwar Tabarau Mai Hannu Ɗaya

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da idanun da ba sa ganin komai sai dishi-dishi, ni mai ɗinkin da ke shago na huɗu a wannan layi nake sanar da dangi, maƙwabta, da duk masu kaya a hannuna rasuwar tabarau ɗina, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Litinin da hantsi, yana da shekara ashirin a duniya. A bayan takardun yankan yadi na rubuta wannan sanarwa, da manyan haruffa. In kun ga layi ya hau kan layi ku yi haƙuri, wanda ya saba daidaita mini rubutu shi ne ake sanar da mutuwarsa.

Marigayin ya fara aiki ne a fuskar maigidana, wanda ya kafa wannan shago kuma ya koya mini taka keke. Shekara tara suka yi tare. Da Allah Ya karɓi ran maigidan, ranar da na dawo shago na tarar da tabarau a kan teburin keke, hannuwa a naɗe, kamar mai shi ya fita shan iska ne. Na ɗauka na ɗora a hancina. Ban nemi shawarar kowa ba, ban kuma cire shi ba sai shekaran jiya.

Ya kasance mai haƙuri da ƙarancin magana. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa shi ne "ƙiiit" in an buɗe shi da safe, da "ƙwas" in an naɗe shi da yamma. Ya sha zama a ƙarƙashin tulin yadi ina nemansa ina zagin kowa, bai taɓa tona mini asiri ba. Sau biyu na neme shi har da kuka, ashe yana kan goshina.

Ya daɗe yana jinya. Notin hagu ne ya fara ficewa, na ɗaure wurin da baƙin zare. Hannun dama ya karye, na maye gurbinsa da robar ƙugun wando, wadda ta riƙa jan kunnena gaba har yara suka daina iya kallona ba dariya. Gam kuwa ya sha shi fiye da kowane takalmi a layin nan. Ranar Litinin na sunkuya ɗauko allurar da ta faɗi, robar ta tsinke, ya zame ya shige ƙarƙashin fedar keke. Ƙafata ta shekara talatin tana taka fedar nan ba tare da ta tambaye ni ba, ranar ma ba ta tambaya ba. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Ya rasu ya bar ni, ya bar keke, almakashi biyu, da rigunan makaranta ashirin da bakwai da ba a sa wa maɓalli ba. Ya bar mai gyaran agogo na shago na biyu, wanda ke aronsa kullum wai na minti ɗaya, da mai yankan makulli da ke karanta takardar maganinsa da shi. Yanzu dukanmu uku muna zaune muna ƙifta ido kamar kajin da aka watsa wa ruwa.

Ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Babbar 'yata, wadda tun tana ƙarama muke kira Kwamanda, ta shekara biyu tana so in rufe shago in koma gidanta, a ɗaki mai labule da talabijin, in zauna ina jiran a kawo mini abinci. Bara, don in huta da mitarta, na yi suɓul da baka na ce duk ranar da na kasa zura zare a allura da kaina ta zo ta kwashe keken. Kwamanda ba ta mantuwa. Kafin azahar ɗin Litinin labari ya kai mata, kuma na san bakin wanda ya kai, yana gyaran agogo.

"Mama, Juma'a da safe zan zo da motar kaya," ta ce a waya. "Ke kika faɗa da bakinki."

"Na faɗa. Ki taho da allurarki ma, kada ki ce na yi maguɗi."

Na ajiye wayar. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Tun ranar na gwada zura zare ya fi sau hamsin, a bakin ƙofa, a cikin rana, da ido ɗaya a rufe. Ko kusa da kafar allurar ban je ba.

Talata da sassafe na tafi babban asibiti. Sun karɓe ni da mutunci, suka ba ni kati mai kwanan wata na bayan wata biyar. Ban ga laifinsu ba, likita ɗaya ne ga idanun gari guda. Amma wata biyar ba ta san Juma'a ba. A hanyar dawowa na tsaya wajen mai tallan tabarau a tire, ya miƙo mini tsohuwar jarida in gwada. Na sa guda takwas. Ɗaya ya sa ƙasa ta tashi ta nufo ni, wani ya maishe da mai tallan mutum biyu, ni kuwa guda ɗayansa ma ya ishe ni.

Daga nan ƙafata ta kai ni inda na shekara ina wucewa ina kau da kai, wato sabon shagon gwajin ido da wasu 'yan kasuwa suka buɗe kusa da kantin magani. Na sha cewa murmushinsu na masu son sayarwa ne, kuma har yanzu ban janye ba. Amma ƙofarsu a buɗe take, ba kati, ba wata biyar. Mai gwajin, wata mace mai sanyin hannu, ta sa na ɗora haɓa a kan na'ura, ta yi ta sauya gilasai a idona tana tambayar wanne ya fi. Sannan ta karɓi gawar marigayin da na ƙunso a ƙyalle, ta auna ɓarin gilashin da ya tsira. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Mama, wannan ba naki ba ne."

"Na sani, 'yar nan. Na baban yara ne."

"Idonsa na hagu ne mai rauni. Ke kuwa na dama. Ba kya ciwon kai?"

Na ce mata ina yi. Kullum da la'asar yake zuwa, nan bayan gira, shekara sha ɗaya ba fashi. Ban gaya mata cewa da la'asar ne maigidan ke ajiye almakashi ya ce mu sha iska ba, ban kuma gaya mata duk shekarun nan na ɗauka kewarsa ce ke sara mini kai ba. Ko magani ban taɓa sha ba. Ina ganin hakkinsa ne a kaina.

"Da kin sa naki zai tafi," in ji ta, tana murna kamar ta yi mini albishir. "Idanunki da sauransu, Mama. Aro ne ya gajiyar da su."

Ta ce a wani reshensu ake yanka gilashin, zai iso Alhamis da yamma. Na tambaye ta sau uku ko ta tabbata. Yau Laraba na koma sau biyu na leƙa, na share shago sau huɗu, na jera zare bisa launi duk da ba na bambance baƙi da shuɗi. In motarsu ta lalace a hanya fa? In gilashin ya zo amma hannuna ya ƙi tsayawa fa?

Za a yi jana'izar marigayin ranar Juma'a da ƙarfe tara na safe, a nan shago na huɗu. Za a naɗe shi a farin ƙyalle a kwantar da shi a aljihun keke, kusa da tef ɗin awon maigidansa na farko. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya taho da gam, lokacin wannan ya wuce. Mai gyaran agogo da mai makulli su tsaya a baya, kuma daga nan su wuce shagon gwajin ido, don magajin marigayin ba na aro ba ne.

Da an rufe aljihun, Kwamanda za ta miƙo allurarta a gaban kowa, direban motar kaya ya zama shaida. Sau ɗaya zan gwada.

Masu addu'a su roƙa mini zaren ya shiga. Amma in kun zo kan ciwon kan, ku sassauta, kada ku roƙa ya tafi duka. A bar mini ko kaɗan ne, da la'asar.