Nomau da Katalis ɗin Yayansa

A ƙauyen Rafin Ɗinya akwai wani gida mai mutum uku da mota ɗaya. Maigidan shi ne Ilu direba, sai matarsa Tabawa, sai ƙaninsa Nomau. Motar tsohuwa ce, amma ita ke ɗaukar 'yan kasuwar Laraba, kuma da ita ake ɗora tukunya a gidan. Nomau kuwa gandamemen mutum ne har da furfura a gemu. Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Aibinsa ɗaya ne, abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana motar ta fara kasa hawan tudu, tana fitar da wani irin wari. Ilu ya toshe hanci ya ce, "Warin ɓaragurbi nake ji. Nomau, nemo mini inda yake." Ya tafi majalisa. Kafin ya dawo Nomau ya kwance kujerun motar kaf ya jera su a ƙofar gida, ya kuma ɗaure kazar Tabawa a turmi. "Ban ga ƙwan ba, Yaya," in ji shi, "amma ga wadda nake zargi." Ranar, maimakon lodi, mayar da kujeru aka wuni ana yi.

Wata rana suka lallaɓa da motar garejin Oga Hashimu a cikin gari. Oga ya leƙa ƙasa ya ce katalis ne ya toshe, wato tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi, sai an sake wani. Ilu ya sayo na hannu, ɗan Kwatano. Da yake magariba ta kawo jiki, Oga ya ce a dawo gobe, ya miƙa wa Nomau abin. "Cikinsa kamar saƙar zuma yake, ba ya son jijjiga. Ka kula da shi kamar jariri." Da asuba Tabawa ta tarar an ƙarar mata da ruwan zafi. Nomau ya yi wa katalis wanka a baho, ya ɗura masa man kaɗanya ta baki biyu, ya lulluɓe shi da zanenta na unguwa. Da aka kai wa Oga Hashimu abin, ya duba ya ce sai an wanke an shanya. Larabar nan ta wuce mota tana kwance.

Ciyaman ɗin tasha ya aiko wa Ilu saƙo, kuma ba da wasa ba. In Laraba mai zuwa bai shigo layi ba, za a ba wani gurbinsa. Ilu ya ji tsoro ƙwarai, don gurbin tasha in ya kuɓuce ba ya dawowa.

Ranar Juma'a aka ɗaura katalis aka yi masa walda. Ilu ya sha jin yadda ɓarayi ke yanke irinsa su sayar, sai ya kira ƙaninsa gefe. "Ni zan je in duba taya. Abin nan, duk inda ya je nan za ka je, inda ya tsaya nan za ka tsaya. Ka ji?" Nomau ya ce ya ji. Aka kira salla, gareji ya watse, shi kuwa ya zauna gindin mota tunda katalis bai tafi masallaci ba.

Can sai ga wani siririn mutum da zarto da buhu. Ya ce, "Oga ne ya aiko ni." Nomau ya matsa masa. Mutumin ya yanke na Ilu, ya yanke na motoci biyu da ke kusa, ya saɓa buhu ya fita. Nomau ya karkaɗe riga ya bi shi. Mutumin ya ƙara sauri, Nomau ya ƙara. Mutumin ya shiga lungu, ya fito ta wani, yana waiwayawa sai ga furfurar nan a bayansa. Ya tare ɗan acaɓa ya hau, Nomau ya ɗare bayansa har yana cewa, "Ɗan matsa gaba, malam."

Suka sauka a bakin titi daidai lokacin da aka taso daga masallaci, jama'a ko'ina. Ɓarawo ba damar duka, ba damar gudu. Ya yi ƙasa da murya. "Bawan Allah, me na yi maka?"

"Ba komai. Yaya ya ce inda ya je in je."

"To, har gida za ka bi ni?"

"In can zai je."

Mutumin ya dire buhun a gabansa, ya kutsa cikin mutane, ba a sake ganinsa ba. Nomau ya duba, ya ga katalis ya tsaya, shi ma ya zauna. A nan Ilu da Oga Hashimu suka same shi bayan la'asar, sun yi gumi sharkaf don nema.

Ilu ya buɗe buhun ya ga uku cif, ya rasa zagi zai yi ko godiya. "Kana kallo aka yanke! Me ya hana ka ihu?"

"Ba ka ce in yi ba, Yaya."

Oga Hashimu ya girgiza kai. "Ai gara da bai yi ba. Da ya yi ihu, da mutumin ya ruga da kayan, sai dai mu ji labari." Da hannunsa ya sake waldar kafin rana ta faɗi.

Ran Laraba motar Ilu ce ta fara shiga layi. Ana gama lodi, ya leƙa madubi sai ya hango Nomau a but, tsakanin buhunan tattasai, ya naɗe ƙafa daidai saitin salansa. Ilu ya buɗe baki zai ce ya sauka, ya ɗan yi tunani, sai ya rufe bakinsa ya tayar da mota. Har yau bai janye maganar bin katalis ɗin ba.